Yadda ake tafiyar da karatu ta intanet a kwaleji ko cibiyar koyon sana'a a Legas

Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, makonni kaɗan bayan an tabbatar da ɓullar cutar korona karo na farko a Nijeriya a nan Legas, da wuya ka sami kwaleji ko cibiyar horaswa da ba ta buɗe wani irin aji a intanet ba. Wasu sun ci gaba da amfani da nasu bayan an koma azuzuwa, wasu kuwa nasu ya zama kufai, darussa na zube a ciki rabonsu da mai leƙawa an yi shekaru. Ni ina koyar da lissafin kasuwanci da aikin kwamfuta a wata ƙaramar cibiya a Agege, kuma akasarin ɗalibaina 'yan Arewa ne da ke neman na kansu da rana: akwai masu taya iyayengidansu sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12, akwai masu gadi a Ikoyi, akwai kuma matan aure daga Idi-Araba da ke son riƙe lissafin sana'arsu da kansu. Abin da zan shimfiɗa a nan domin malami ne da shugaban cibiya, kuma duk matakan sun ratayu ne a kan abu guda, wato a gina dandalin karatu bisa wayar da ke aljihun ɗalibi da lokacin da yake da shi, domin kwamfutar da ke teburin malam ba ita za ta yi karatun ba.

Mataki na farko shi ne a san abin da ke hannun ɗalibai kafin a zaɓi kowace manhaja. A ranar rajista a ba kowa 'yar takarda, ko a tambaye shi baki da baki idan rubutu na yi masa nauyi: wace irin waya yake riƙewa, tasa ce ko ta aro, sau nawa yake sayen data a wata, a ina yake cajin waya idan an ɗauke wuta, kuma da wane lokaci yake samun sararin zama ya yi karatu. Amsoshin sukan ba malami mamaki. Za ka tarar wata ɗaliba sai maigidanta ya dawo da dare take samun waya mai intanet, wani kuma ma'ajiyar wayarsa ta cika maƙil da hotuna har ba ta iya karɓar sabuwar manhaja. Batun kuɗin data ma ba abin wasa ba ne, musamman tun farkon 2025 da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince kamfanoni su ƙara farashin kira da data da kashi 50 cikin 100. Sai kuma zirga-zirgar Legas, wadda ke cin sa'o'i daga ranar mutum. Wanda ke hawa danfo ko BRT, ko jirgin ƙasan da ke bi ta Agege zuwa Oyingbo, yana da lokacin da zai iya sauraro a hanya, amma ba shi da damar buɗe littafi ya yi rubutu. Wannan bayanin shi ne zai yanke hukuncin irin darasin da za ka shirya.

Mataki na biyu, a zaɓi dandali ɗaya a tsaya a kansa. Biyu ne suka fi yaɗuwa a makarantu irin namu. Moodle, wanda wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Martin Dougiamas ya fitar a 2002, kyauta ne, yana da rumbun tambayoyi da littafin maki da bayanin duk abin da ɗalibi ya buɗe, kuma manhajarsa ta waya tana ba da damar sauke darasi a karanta shi ba tare da intanet ba. Sai dai yana buƙatar a kama masa wurin zama a wata babbar kwamfuta mai aiki dare da rana, a biya kuɗin wurin, a kuma sami wanda zai riƙa kula da shi. Manyan makarantu irin su Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda aka kafa tun 1947, ko Jami'ar Legas da ke Akoka, suna da ma'aikatan kwamfuta na kansu da za su iya ɗaukar irin wannan nauyi. Ƙaramar cibiya mai malamai biyar ko shida gara ta fara da Google Classroom, wanda ya fito a 2014: malami ya buɗe aji, ya raba wa ɗalibai lambar shiga, shi ke nan an fara. Ba ya da zurfin Moodle wajen jarrabawa da bibiya, amma abin da malamai za su iya sarrafawa ya fi wanda za su riƙa jin tsoron taɓawa.

A nan ne batun WhatsApp ke shigowa, kuma dole a yi maganarsa tun da wuri. Kowane ɗalibi yana da shi, shi ya sa malamai ke zamewa can da sauƙi. To amma darasin da aka tura a zauren WhatsApp da safe, kafin la'asar ya nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure da tallan atamfa, wanda ya shiga ajin a makare kuma ba zai ga abin da ya wuce ba. Ka'idar da muke bi ita ce, WhatsApp ƙararrawa ce kawai: a sanar cewa darasin mako ya hau, a tuna wa mutane wa'adin aiki, sannan a rufe zauren yadda malami da wakilin aji ne kaɗai ke iya turawa. Darasi da aikin gida da maki duk a dandali suke zama, kuma aikin da aka turo wa malami ta wayarsa ba a karɓa, komai kusancin mai turowar.

Mataki na uku, tsara kwas ɗin mako-mako, kuma kowane mako ya zo da fasali iri ɗaya domin ɗalibi ya saba. A sama a rubuta layi biyu ko uku da ke faɗin abin da za a koya da abin da ake so a miƙa da ranar miƙawa, sai darasin ya biyo, sai 'yar gwajin kai, sai aikin gida. Sunan kowane fayil ya faɗi abin da ke cikinsa, kamar "Mako na 3, littafin kuɗin shiga da fita", domin idan ɗalibi ya sauke shi a waya ya gane shi cikin tarkacen da ke wurin. Kada a zuba kayan zangon karatu gaba ɗaya a rana guda, ganin tulin kaɗai ya isa ya karya gwiwar wanda ya daɗe da barin makaranta.

Mataki na huɗu shi ne shirya darasin kansa, kuma a nan na fi son in daɗe, domin a nan na yi kuskurena mafi girma. A zangon farko na kafa waya a gaban allo na ɗauki laccata tun daga sallama har addu'ar tashi, kusan awa guda, na ɗora ta ina jin na yi gwaninta. Mako ya zagayo, na duba, waɗanda suka buɗe ta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Da na tambaya a aji sai kowa ya sunkuyar da kai, har wani dattijon ɗalibi mai sana'ar albasa ya ce: "Malam, ka yi haƙuri, ba ƙin karatu muka yi ba. Na danna abin nan, kafin ka gama gaisuwa datar da na saya ta mako ta ƙare." Tun daga ranar na canza salo. Yanzu kowane darasi yana fita ta hanya uku. Akwai taƙaitaccen rubutu na shafi biyu ko uku a fayil ɗin PDF, da manyan haruffa yadda za a karanta a fuskar waya ba sai an yi ta ja da yatsa ba. Akwai saƙon murya na minti biyar zuwa goma, wanda nauyinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da bidiyo, kuma shi ne abin da ake saurare a cikin cunkoson motoci. Bidiyo kuwa sai abin da ido ne kaɗai zai gane shi, kamar yadda ake jera lissafi a manhajar Excel, kuma ba ya wuce minti biyar ko shida, an rage masa nauyi kafin a ɗora, an kuma rubuta nauyinsa kusa da sunansa domin mutum ya san abin da zai kashe kafin ya danna.

Wajen ɗaukar murya, a nemi ɗaki a rufe ƙofa, a kauce wa lokacin da janareton maƙwabta ke ruri. Ni bayan sallar asuba nake ɗauka, kafin unguwa ta tashi. Harshe ma yana buƙatar shawara. Jarrabawar da ɗalibanmu za su zauna da Turanci take, haka ma takardun da za su tarar a wurin aiki, don haka rubutun darasi yana zama da Turanci mai sauƙi, bayanin murya kuma da Hausa, ana ambaton kalmar Turancin yadda take sannan a warware ta. Idan ajin ya haɗa da Yarbawa da Ibo, kamar yadda aka saba a Legas, sai a ɗauki muryar sau biyu, ko a nemi wani malami ya taimaka. Wanda zai rubuta wani abu da Hausa ya sa allon rubutun Hausa a wayarsa, Gboard yana da shi, domin ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai. Bambancin "kafa" da "ƙafa" ba ƙarami ba ne a cikin umarnin aiki.

Mataki na biyar, kafin a fara karatu a ware rana guda a tara kowa ido da ido, da wayarsa a hannu. Wannan ranar ba a tsallake ta. Matsalar da ta fi yawa ita ce ta imel da lambar sirri: da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu adireshin imel ranar da suka sayi wayar, ko wani yaro a shagon intanet lokacin cike fom, kuma tun daga nan ba su sake ganin lambar ba. A zauna da kowa a sabunta ta, ya rubuta ta a inda zai adana, a kuma haɗa asusun da lambar wayar da yake amfani da ita yanzu. Bayan haka kowa ya shiga dandalin da hannunsa, ya sauke darasin farko, ya kashe data ya tabbatar darasin na buɗewa, ya ɗauki hoton wata takarda ya miƙa ta a matsayin aikin gwaji, sannan ya nemo inda makinsa ke fitowa. Malami ya daure kada ya karɓi wayar ya yi wa mutum; wanda aka yi wa a aji, a gida zai tsaya cak. Idan cibiya na da intanet na ofis, a buɗe wa ɗalibai shi a irin wannan rana da ranakun da suke zuwa, su sauke kayan mako kafin su tafi. Jami'ar Karatu daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, wadda hedikwatarta ta daɗe a Victoria Island kafin ta koma Abuja, duk da cewa karatun nesa ne aikinta, ba ta rabu da cibiyoyin da ɗalibai ke zuwa da ƙafarsu ba, kuma akwai hikima a cikin hakan.

Mataki na shida ya shafi darasin kai-tsaye, wanda ya kamata a yi shi da tsimi. Zoom na kyauta yana yanke taro bayan minti 40, Google Meet na kyauta kuma bayan awa guda idan mahalarta sun kai uku, kuma dukansu suna shan data idan kyamara na kunne. Sau ɗaya a mako ya wadatar, a keɓe shi don amsa tambayoyi da warware abin da ya shige wa mutane duhu, kyamarori a kashe, makirfo ma a kashe sai mai magana. A zaɓi lokacin tare da ɗalibai, a kauce wa tsakanin magariba da isha'i da kuma azahar ɗin Juma'a, a sake duba jadawalin idan azumi ya kama. Wanda sabis ya yanke masa kada a rubuta masa rashin zuwa. A ɗora muryar zaman a dandali daga baya.

Mataki na bakwai, aikin gida da jarrabawa. Mafi yawan ɗalibai a takarda za su yi aikinsu su ɗauki hoto, don haka a koya musu ɗauka da rana kusa da taga, takardar a shimfiɗe, sunan mai aikin a saman kowane shafi. Na sha karɓar hoton da aka ɗauka da hasken tocila, inuwar hannu ta rufe rabin lissafin. Wa'adin miƙawa a ba shi faɗi, kwana biyu ko uku a buɗe, domin wanda unguwarsu ta kwana biyu babu wuta ba laifinsa ba ne. Shi kuma malami ya ɗaure kansa da wa'adi: aikin da aka miƙa ya dawo da maki da gyara cikin mako guda. A ganina babu abin da ke kashe dandali da sauri kamar ɗalibi ya miƙa aiki ya ji shiru. Gyaran ma ya zama mai amfani, a nuna layin da lissafi ya karkace, kuma saƙon murya na rabin minti yakan isar da abin da dogon rubutu bai isar ba.

Gajerun gwaje-gwaje na zaɓen amsa suna da amfani, domin na'ura ce ke ba da maki nan take, kuma matasan da suka zauna jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, sun riga sun saba da salon. A Moodle ana iya tara tambayoyi da yawa a rumbu, a sa na'ura ta ɗebo wa kowa nasa ta kuma jujjuya jerin amsoshin. Mai amfani da Google Classroom zai yi makamancin haka da Google Forms. Amma kada a yaudari kai. Wanda ke gida zai iya tambayar ƙaninsa, ko ya kwafo amsa daga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka cika wayoyi yanzu. Maganin da na ga yana aiki shi ne a ba da aikin da ya shafi rayuwar mutum, kamar ya rubuta cinikin shagonsu na kwana uku ya fitar da riba, sannan a zaɓi wasu a kira su a waya su yi bayanin yadda suka kai ga amsarsu. Babbar jarrabawar da takardar shaida ta dogara a kanta kuwa a aji za a yi ta, a gaban mai sa ido.

Mataki na takwas shi ne bibiya, kuma aikin minti ashirin ne a mako. Malami ya buɗe dandali ya ga wanda bai shiga ba ko bai miƙa aiki ba, wanda ya yi mako biyu shiru a kira shi, kada a tsawata masa a zaure a gaban jama'a. Na taɓa kiran wata ɗaliba da ta ɓace, na ce: "Hajiya, lafiya kuwa muka ji ki shiru?" Ta ce: "Wallahi Malam, wayar ce aka zare min a tashar mota, kunya ta hana ni faɗa." Muka shirya ta riƙa zuwa ranar Asabar tana amfani da kwamfutar cibiya, aka buga mata darussan a takarda, kuma ta kammala tare da 'yan ajinta. Bayanan dandali sun nuna min cewa ta daina shiga, dalilin kuwa sai da na ji daga bakinta.

Ga cibiyoyin da ke koyar da aikin hannu, irin su ɗinki da gyaran waya da haɗa sola da walda, a san iyakar abin. Dandali zai ɗauki bayanin ka'ida, da matakan kariya, da sunayen kayan aiki, da gajeren bidiyon da ɗalibi zai kalla kafin ya zo, ta yadda lokacin da ake tare zai tafi wajen riƙe kayan aiki. Hannu kuwa a wurin aiki yake faɗawa. Ɗaliban da suka fita samun horo a masana'antu a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda asusun horaswa na ITF ya kafa a 1973, za su iya riƙa ɗora rahoton mako da hoton abin da suka yi, malami ya bi sawunsu ba sai ya ratsa Legas daga Agege zuwa Apapa kowane mako ba, ko da yake ziyarar gani da ido tana nan a matsayinta.

Akwai kuma amanar bayanan mutane. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane nauyin kiyaye su, kuma makaranta na ciki. Kada a liƙa makin aji gaba ɗaya a zaure, kowa ya ga nasa a shafinsa. Kada a ɗauki hoto ko muryar ɗalibi a yi tallan cibiya da su sai da izininsa. Lambobin wayar mata suna bayyana ga kowa a zauren WhatsApp, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa wani magidanci ya cire matarsa daga karatu, don haka a yi tunanin zauren mata daban da wakiliyarsu, ko a yi amfani da hanyar aika sanarwa wadda ba ta nuna wa mambobi lambobin juna. Haka nan a gaya wa ɗalibai gaskiya game da takardar shaida: ta kammala kwas a Coursera, wani dandalin kwasa-kwasai na intanet, ko makamancinsa tana da amfaninta wajen nuna ƙwarewa, amma ba ta zama difloma ta ƙasa, domin wannan sai daga makarantar da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, ta amince da kwas ɗinta.

Shugaban cibiya shi ma yana da nasa kason. Shirya darasi ta hanya uku da duba aiki a waya aiki ne na sa'o'i, don haka a lissafa shi cikin lokutan aikin malami, a ba shi kuɗin data, a kuma naɗa mutum ɗaya da ɗalibai za su nema idan shiga ta gagara, da sa'o'in da ake samunsa. Asusun da aka buɗe azuzuwa da shi ya zama na cibiya, lambar sirrinsa na hannun mutum biyu, domin idan malami ya bar aiki kada ya tafi da kwas ɗin a wayarsa.

Idan zango ya ƙare, a sauke makin kowa a ajiye a wuri biyu, ɗaya a kwamfutar ofis ɗaya a takarda cikin fayil. A tambayi ɗalibai abu uku kawai: wane darasi ne ya fi yi musu amfani, wanne ne suka kasa buɗewa, kuma a wane mako suka ji kamar su bari. Sannan a kwafi kwas ɗin zuwa sabon aji, a gyara ranakun wa'adi, a sake ɗaukar duk muryar da ƙarar janareto ta ɓata, a rufe tsohon ajin a adana shi, kafin ranar rajistar masu shigowa.